Gambar da ke Cin Gonar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara Zaki ya sa aka yi shela cewa za a gyara rabon gonaki, kowace iyaka a dasa mata gamba. Aka ba Kura aikin, ta bi gida-gida tana karɓar damin gero, wai abincin masu dashe.

Bushiya matsoraciya ce, gonarta kuma 'yar mitsitsiya. Kullum ta je da safe, sai ta tarar gambar ta matso ciki da kunya guda. Hankalinta ya tashi. Da ya rage saura kunya uku, ta lallaɓa fada.

"Ranka ya daɗe, ina geronmu ya shiga? Ban taɓa ganin masu dashe ba, gonata kuwa ƙarewa take yi."

Kura ta ce, "Sharri ne! Gamba ƙafa gare ta?"

Bushiya ta ce, "A je a ja ta. Wadda ta daɗe a wuri ba ta tumɓukuwa."

Aka ɗunguma gonar. Zomo ya ja da hannu ɗaya, sai ga ta ta fito, saiwarta ko kamawa ba ta yi ba.

Zaki ya daka tsawa: "Gonar wane azzalumi ce a wannan gefen?"

Kura ta sunkuyar da kai. "Taka ce, ranka ya daɗe. Geron ma yana rumbunka."

Zaki ya juyo ya zuba wa Bushiya ido. Nan take ta dunƙule. Har gobe, in ta ji takun wani, dunƙulewa take yi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Mai musu ya je ya ja gambar da kansa.