Tsagar da Ke Bangon Ɗakin Inna Ishatu

Akwai wani matashi a Tudun Wadan Zariya mai suna Adnan. Yana da shafin labarai a Fesbuk, mabiyansa sun kai dubu arba'in, kuma ba za ka zauna da shi na minti biyar ba tare da ka ji wannan adadin ba.

Aikinsa ba wuya. Zai ga kanun labari da Turanci, ya mayar da shi Hausa, ya ƙara masa gishiri, ya saki. Karanta cikin labarin kuwa ɓata lokaci ne a wajensa. Cewa yake kafin ka kai ƙarshe wani ya riga ka sakawa.

Da shafin ya fara tashe, sai ya sa aka gina masa dakalin siminti a bayan gidansu, inda yake zama ya ɗauki bidiyo. Dakalin ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai a kan kwatar layin aka ɗora shi, aka bar wa ruwa 'yar kafar da ko kaza ba za ta bi ba. Bangon da dakalin ya jingina da shi na ɗakin mahaifiyarsa ne, Inna Ishatu, tsohon ginin ƙasa da aka shafe da siminti.

Ana cikin damina, a watan Satumba, labari ya zo cewa an ji motsin ƙasa a wasu unguwannin Abuja. Adnan ya ci karo da wani kanun labari da ke tambaya ko yawan haƙa rijiyoyin burtsatse yana da hannu a ciki. A makon nan ne kuma aka wayi gari da wata doguwar tsaga a bangon ɗakin Inna. Ga shi taku kaɗan daga gidan akwai irin wannan rijiyar, wato bohol ɗin da duk layin ke ɗibar ruwa.

Shi ke nan, Adnan ya haɗa lissafinsa. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: "GIRGIZAR ƘASA TA ISO ZARIYA! MASANA SUN TABBATAR BOHOL NE SANADI!" Ya saka hoton tsagar, ya haɗa da hoton wani titi da ya dare gida biyu a wata ƙasa can nesa, bai kuma faɗi daga ina hoton yake ba.

Kafin la'asar labarin ya kai Gyallesu da Hanwa. Wani ya rantse kofin shayinsa ya motsa da safe. Wata ta ce ita dama tun shekaranjiya take jin jiri. Mutane suka cika ƙofar gidan mai unguwa, Malam Kailani, ba su bar shi ba sai da ya sa wa bohol kwaɗo.

A layin akwai wata maƙwabciyarsu, Malama Edith. Ilimin ƙasa da duwatsu ta karanta a jami'a, aikinta shi ne auna wuri kafin a haƙa rijiya. Shekara goma sha biyar suna katanga ɗaya da Inna Ishatu, wadda ba ta kiranta sai Maman Dinah.

Da ta dawo daga aiki ta ji abin da ake ciki, ba ta yi gardama da kowa ba. Ta zagaya bayan gidan, ta durƙusa a gindin bangon, ta cusa yatsa cikin ƙasar. Yatsan ya shige kamar cikin tuwo.

Ta kira Adnan gefe ta ce, "Adnan, ka karanta labarin nan na Abuja har ƙarshe kuwa?"

Ya ce, "Anti, ai kan labarin ya gama magana."

"Bai gama ba. Tambaya ya yi. A ciki sun ce motsin ƙarami ne, ana kan bincike, ba su tabbatar da dalilinsa ba. Kuma babu inda aka ambaci Zariya. Wannan tsagar ba daga can ƙarƙashin ƙasa ta zo ba, daga nan ta zo." Ta nuna kwatar. "Dakalinka ya tare ruwa, ruwan yana kwana a gindin bangon yana cin sa. Ka fasa dakalin yau, ka fitar da Inna daga ɗakin nan."

Adnan ya yi dariya. "Haba Anti! Duniya na maganar girgizar ƙasa, ke kina maganar kwata? Kuma kar ki manta abincinki a haƙa bohol yake. Dole ki kare shi."

Maganar ta yi mata ciwo, an gani a fuskarta. Amma ta ce, "To, na ji. Ni dai ka fitar da Inna."

Maimakon haka, sai ya hau dakalin ya yi sabon bidiyo. Ya ce wasu masu cin abinci da haƙa rami suna so su rufe bakinsa, amma gaskiya ba ta ɓuya. Mabiya suka yi ta yi masa jinjina. Wasu har suka nemi a faɗi sunan matar.

Ni da nake ba ku labarin nan, da ni aka yi wa haka da na kama gabana. Malama Edith ba ta yi ba. Ta shiga wajen Inna da ashana a hannu, ta zaro tsinke ɗaya ta gwada a tsagar ta cikin ɗaki. Da ƙyar ya shiga. Ta yi alama da gawayi a wurin.

Ta ce, "Inna, ba sai kin yarda da ni ba, ba sai kin yarda da Adnan ba. Kullum da safe ki gwada a nan. Bangon zai faɗa miki da kansa."

Washegari tsinke biyu suka shiga a tare. Rana ta uku, ɗan yatsan Inna ne ya shige gaba ɗaya. A kwanakin nan bohol na kulle, matan layin na ɗaukar jarka har Tudun Jukun neman ruwa, babu wanda ya zuƙi ko bokiti ɗaya daga ƙasa, amma tsagar sai ƙara buɗewa take.

Inna ta faɗa wa ɗanta. Ya ce ta kwantar da hankalinta, tunda an rufe bohol ƙasa za ta lafa. Ya suri wayarsa ya fita.

Ranar Alhamis bayan azahar hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lokacin ne Inna ta saba kwanciya ta ɗan huta. Adnan yana rumfar mai shayi a bakin titi ya fake, yana karanta yabon da ake yi masa, sai aka ji wani rugugi daga layinsu.

Ya ruga cikin ruwan. Yana shan kwana ya ga bangon ɗakin Inna ya kwanta gaba ɗaya, rufin ya rufta a kansa. Ƙafar gadonta ɗaya ce kawai ke leƙowa daga cikin laka.

Wayar ta faɗi daga hannunsa, bai ko waiwaye ta ba. Ya faɗa kan ɓaraguzan yana tono da hannu, yana ihu, "Inna! Inna! Jama'a ku taimake ni!" Farcensa ya fashe, jini na bin ruwa, bai sani ba.

Sai ya ji murya a bayansa. "Kai, Adnan. Ga ni nan."

Inna Ishatu ce tsaye a ƙofar gidan Malama Edith, an riƙa mata lema. Ashe da hadarin ya taso, Malama Edith ta baro wajen aiki ta hau acaɓa ta zo, ta ce ba za ta bar ɗakin ba sai da Inna. Inna ta dubi yatsanta, ta dubi bangon, ta ɗauki carbinta da tabarmar sallarta ta bi ta.

Da ruwa ya ɗauke, Malam Kailani ya zo da mutanen layi. Ba a buƙaci wani masani ba. Gindin bangon ya zama kunu tun daga inda dakalin ya fara har inda ya ƙare, ga ruwan kwata ya taru a wurin. Sauran gidajen layin ko ƙwarzane babu. Mai unguwa ya zaro mabuɗi daga aljihu ya nufi bohol.

A falon Malama Edith, tana ɗaure masa yatsu da bandeji, Inna ta ce, "Ɗauko labarin nan na Abuja ka karanta min da Hausa. Daga farko har ƙarshe."

Aka miƙo masa wayar Malama Edith, don tasa ta sha ruwa. Ya fara karantawa. Da ya zo inda aka ce ba a tabbatar da dalili ba, sai ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Inna, yau na fara ganin wannan wurin."

Inna ta dube shi ta ce, "Mutum dubu arba'in sun yarda da kai. Da na zama ta dubu arba'in da ɗaya, da yanzu likkafanina ake ɗinkawa."

Adnan ya fashe da kuka. Ya juya ga Malama Edith ya ce, "Anti, ki yafe min." Ta ce ta yafe, amma ya koma inda ya yi ɓarnar ya gyara.

Washegari da kansa ya ɗauki guduma ya fasa dakalin. Ya goge hoton titin, ya rubuta gaskiyar abin da ya faru, ya ambaci sunan Malama Edith da girmamawa. Labarin ƙaryar mutum dubu uku suka tura shi gaba. Gyaran kuwa mutum goma sha tara ne.

Har yau a Hanwa akwai masu cewa an taɓa yin girgizar ƙasa a Tudun Wada.

Darasi: Kanun labari ba shi ne labarin ba. Idan masana suka ce suna bincike, kada ka ce sun tabbatar. Ka karanta har ƙarshe kafin ka tura, ka saurari mai ilimin abu ko da maganarsa ba ta da daɗin yaɗawa, domin ƙaryar da ka saka tana iya fara rushe bangon gidanku. Ka aika wa wannan ɗan'uwan naka da ke tura labari kafin ya buɗe shi, amma kai ma ka tabbata ka karanta wannan har nan.