Zakara da Zaɓen Mai Gadin Akurki

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu sha labari.

A garin dabbobi aka tashi zaɓen mai gadin akurki. Muzuru ya fito takara, Agwagwa ma ta fito. Al'adar garin kuwa, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga.

Zakara kullum yana kan katanga yana cika baki: "Mu kaji duk 'yan Agwagwa ne. Yawanmu kaɗai ya ishi Muzuru."

Ranar zaɓe ya yi cara ya tashi kowa. Da rana ta fara zafi sai ya ce a ransa, "Ni ɗaya in ban je ba, wa zai lura?" Ya sulale bayan gari don ya yi birgima a toka. Yana zuwa ya tarar da kajin garin kaf, kowa ya baje fiffike.

Ya tambayi wata tsohuwar kaza, "Inna, ba ki je layi ba?"

Ta ce, "Ai na ɗauka kana can, ɗan nan."

Can a dandali Agwagwa ta waiga, wutsiyarta kawai ta gani. Muzuru kuwa matarsa da surukinsa kaɗai suka ɗora shi kan muƙamin.

Da yamma ya zo godiya yana lasar baki, ya ce, "Kowa zan ziyarce shi har makwancinsa."

Zakara ya matsa kusa da tsohuwar ya raɗa mata, "Inna, a kan katanga fa mu muka ci. A dandali ne kawai muka faɗi."

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ishe ni.