Bashin Gero da Cikin Barewa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, muna saurare.

Zaki sarkin dawa ya saba cin bashin gero a wurin tururuwa. Su auna masa ƙwarya ɗaya da damina, ya biya biyu da kaka. In kaka ta yi, sai ya ranto wani ya biya na baya.

Ran nan Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, a rage ciye-ciyen fada, rumbu ya kusa ƙarewa."

Kura ta ce, "Gaskiya ne. A tara fadawa a yi shawara."

To, ba a tara fadawa da yunwa. Aka sake aikawa wurin tururuwa, aka dama fura, aka sha aka ƙoshi. Sannan aka yanke shawarar soke rabon Kunkuru, tunda shi ya kawo maganar.

Tururuwa suka zo suka ce, "Sarki, bashin nan ya fi ƙarfin gonarka. Wa zai biya?"

Zaki ya waiga, ya hango Barewa tana wucewa da tsohon ciki, ita da ko ƙanshin furar ba ta ji ba. Ya nuna cikin ya ce, "Ga mai biya can, yana tafe."

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera.