Malam Saura-Ƙiris da Babi na Ɗaya

Akwai wani malamin jami'a da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Saura-Ƙiris. Sunan bai zo a banza ba. Duk wanda ya tambaye shi ina aka kwana a kundin digirinsa na uku, amsar ɗaya ce: "Ai saura ƙiris." Haka ya yi ta faɗa har ya cinye shekara shida.

Dokar makarantar kuwa a fili take. Shekara bakwai ake ba mutum, wanda bai miƙa kundinsa ba a soke sunansa. Aikin koyarwar da yake ci da iyalinsa ma da sharaɗin digirin aka ba shi. In digiri ya tafi, aiki ya bi shi.

Kada ku ɗauka daƙiƙi ne, kansa na ja sosai. In ya fara bayanin bincikensa kan ruwan rijiyoyi da lafiyar yara a ɗakin hutawar malamai, har shayi ya huce a hannun mutane ba su sani ba. Matsalar dai baki ke ta aiki, hannu na hutu.

A kwamfutarsa akwai babi na ɗaya kala goma sha ɗaya. Akwai "gyararre", akwai "na ƙarshe", akwai "na ƙarshen ƙarshe", har da wani mai suna "wallahi na ƙarshe". Babi na biyu kuwa ko take bai samu ba.

Ofis ɗaya suke da wata malama mai 'ya'ya huɗu, kowa Anti yake ce mata. Da shekara biyu ya riga ta fara digirin. Wata rana ta juyo da kujerarta ta ce:

"Malam, mu ƙulla yarjejeniya mana. Duk Litinin ka ajiye mini shafi biyu a tebur, ni ma in ajiye maka. Ko shirme ne a dai kawo. Wanda ya zo hannu rabbana ya yi wa ɗan'uwansa bayani."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Shafi biyu, Anti? Sai ka ce wasiƙar gaisuwa. Ni ba na nuna ɗanyen aiki. Bari a yi dogon hutu, zama ɗaya zan yi in zazzage shi."

"Dogon hutu huɗu aka yi ina ofishin nan," in ji ta. Ta nemi wata malama a ofishin gaba suka ƙulla tasu.

Mai duba aikinsa wani dattijon Farfesa ne mai yawan kara, wanda ya koyar da shi tun digirin farko. Duk ƙarshen shekara akwai fom da ake cikewa na inda aiki ya kai. Malam zai shiga, ya rusuna, a gaisa a tambayi iyali.

"Ya aikin namu?"

"Saura ƙiris, ranka ya daɗe."

Farfesa na jin nauyin ya ce masa "nuna mini", shi kuma yana jin nauyin ya ce "na maƙale". Sai a rubuta "ana dab da kammalawa", kowa ya sa hannu, a rabu da murmushi. Sau shida aka yi haka, kuma dukansu gani suke mutunci suke yi wa juna.

A shekara ta bakwai Farfesa ya yi ritaya, aka miƙa Malam ga wani matashin Dakta. Shi wannan bai tambayi ya aiki ba. Hannu kawai ya miƙa.

"Kawo in gani."

Malam ya zaro shafi goma sha tara. Dakta ya juya su gaba da baya.

"Ina sauran?"

"Suna cikin kaina, Dakta."

"Malam, kai ba ya ɗauruwa a aika wa masu jarrabawa. Kwana saba'in suka rage maka."

Ya fito ya koma ofishinsu. A lokacin Anti ta riga ta kare kundinta, har an fara ce mata Dakta. Ya tsaya a gaban teburinta yana murza hularsa.

"Anti, yarjejeniyar nan tana nan kuwa?"

Da wata ce, da ta rama dariyar da ya yi mata. Ita ta jawo masa kujera. "Tana nan. Amma yanzu kullum ce, ba Litinin ba."

Ya duƙufa. Kullum da safe ya ajiye mata shafi uku, wasu munana har yana kunyar kallonsu, ita kuma ta bi su da jan biro ta mayar masa. Babi na biyu ya fito, na uku ya biyo baya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ganin ashe abin na yiwuwa, ashe tun can ba wani dutse ba ne.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ya zo babin sakamako, ya buɗe kwalin kwalaben ruwan da ya ɗebo shekara biyar baya, ya tarar rubutun jikinsu ya goge, ba a gane wacce daga wace rijiya take. Sake ɗebowa da gwaji sai an yi wata takwas.

Ya rubuta takardar neman ƙarin lokaci, aka kira shi gaban kwamiti. Shugaban kwamitin ya jera fom shida a kan tebur.

"Malam, ƙarin lokaci na wanda ya faɗi matsalarsa da wuri ne. Ga takardu shida da sa hannunka, duk sun ce kana dab da kammalawa. To ko su ne ba gaskiya ba, ko wannan roƙon. Wanne za mu rubuta?"

Malam ya bi sa hannunsa da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya fita.

Bayan sati biyu aka ba shi wasiƙa biyu a ambulan ɗaya, ta soke sunansa a digiri da ta sallama daga aiki. Ya isa gida bayan la'asar, ya tarar da matarsa tana ninke kayan yara. Ya miƙa mata. Ta karanta duka biyun a tsaye, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba.

"Baban yara, shekara bakwai yaran nan na kwana a falo don ka samu ɗakin rubutu. In sun yi dariya da ƙarfi sai in dake su, in ce Baba na aiki." Ta ajiye takardun a kan kayan. "Ni yanzu me zan ce musu na dake su a kai?"

Darasi: Wanda ke maka kara a kan aikin da ba ka yi ba, rami yake taya ka haƙa. Nemi mai ce maka "kawo in gani", ka riƙa kai masa ko shafi biyu ne, ko munana ne, kuma in ka maƙale ka faɗa tun ana iya taimakonka. Jama'a, ku tura wannan ga duk wani Saura-Ƙiris da kuka sani, tun kwanakinsa ba su ƙare ba.