Yadda Kare Ya Fara Ɗaga Ƙafa

Yara, kun sha ganin kare namiji ya zo gindin bishiya ko jikin danga, ya shinshina, ya ɗaga ƙafar baya, ya ɗan tsiyaya fitsari ya wuce. Wani lokaci ma, in tsautsayi ya hau mutum, ƙafarsa ce za ta sha. To, ku gyara zama ku ji dalilin da ya sa haka, don da can ba haka kare yake ba.

A zamanin da mutane da dabbobi ke jin maganar juna, babu dabbar da ta kai kare kunya. In fitsari ya matse shi, sai ya sulale can bayan gari, ya duba gabas ya duba yamma, ya tsuguna, in ya gama ya tura ƙasa ya rufe.

A wani ƙauye da ke bakin daji akwai wani masassaƙi ana ce masa Tunau, da matarsa Hakama, da karensu Ƙyalesu. Tunau turmi da taɓarya da akushi yake sassaƙawa, Hakama kuwa awaki take kiwo, garke guda. A hannunta Ƙyalesu ya tashi. Da ƙanzo da madarar akuya ta raine shi, har ya zama ƙaton kare ja mai faɗin ƙirji.

Wata rana da hantsi Ƙyalesu ya gangara rafi shan ruwa, sai ya ji muryar Tunau a cikin duhuwa, alhali yanzu ya baro shi a gida yana wasa gizago. Ya leƙa. Kura ce zaune a bakin ruwa, daga wuya zuwa ƙasa kura, daga wuya zuwa sama Tunau, har da gemun da gibin haƙorin. Tana duba fuskarta a ruwa tana cewa, "Hakama, kawo mini ruwa." In muryar ba ta yi mata daidai ba, ta gyara ta sake.

Da ta ga kare ba ta ko razana ba. Ta ce, "Ɗan'uwa, zo mu shirya. Na daɗe ina laɓe a bayan dangarku, na haddace maigidanka kamar tafin hannuna. Gobe zan shiga gidan a matsayinsa. Awakin nawa, matar ma in yunwa ta yi tsanani tawa ce, ƙasusuwa duka naka."

Ƙyalesu ya ce, "Ki ari fuskarsa, ki ari muryarsa. Hancina ba ya bin fuska."

Kura ta yi dariya har ta buga ƙasa. Ta ce, "Warin mutum ai a rigarsa yake. In ya tuɓe ya rataye zai sari itace, na sa, na yi birgima a cikin ɓawon sassaƙarsa, kai da kanka za ka kaɗa mini wutsiya."

Ƙyalesu ya sheƙo gida ya faɗa wa Tunau duk abin da ya gani. Tunau bai ko ɗaga kai daga turmin da yake rarakewa ba. Ya ce, "Kura da gemu? Kai dai ka ci wani mushe ya juya maka kai. Gobe ina da itacen ƙirya da zan sara, ba zan fasa don mafarkin kare ba. Kai kuma a gida za ka zauna ka tsare awaki."

Kare ya koma gindin rumbu ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana ta saƙe-saƙe. Maganar kura gaskiya ce. Duk abin da ke na Tunau, tana iya sacewa. Sai dai in a jikin Tunau akwai abin da ba na Tunau ba, abin da hancin kare kaɗai ya sani. Da ya gano ko mene ne abin, kunya ta kama shi har ya rufe ido.

Da safe Tunau ya saɓi gatari da gizago, ya tsaya a ƙofar gida yana gaisawa da maƙwabta. Ƙyalesu ya matso a hankali. Ya ga in ya tsuguna kamar yadda ya saba, ƙasa ce za ta shanye kome. Sai ya jingina da maigidansa, ya ɗaga ƙafar baya, abin da wani kare bai taɓa yi ba, ya saki fitsari a ƙwaurin Tunau.

Maƙwabta suka tuntsire da dariya. Tunau ya juya ƙotar gatari ya zabga masa a haƙarƙari, ya ja shi ya ɗaure a turken awaki. Hakama ta kawo ruwa da toka, Tunau ya dirje ƙafar har ta yi ja, ya wuce daji yana zage-zage.

Hakama ta tsaya tana kallon karen. Ta ce, "Tun kana kwikwiyo ko ƙofar ɗaki ba ka taɓa ɓata mini ba. Me ya same ka?"

Ya ce, "Uwar ɗakina, in kin ga abin da ya fi ƙarfin idonki yau, ki kwance ni."

Da la'asar sai ga Tunau ya dawo, riga a jiki, gizago a kafaɗa, yana haki. Ya ce, "Hakama, tara mutane. Wata kura ta rikiɗa ta ɗauki kamannina, ga ta nan tafe a bayana."

Kafin a jima ƙofar gida ta cika da maza riƙe da sanduna, har da mai unguwa Shekarau. Can sai ga wani Tunau ya ɓullo daga daji, ba riga, ƙaya ta yayyage masa jiki, yana ihu an sace masa kaya. Mutane suka dubi wannan, suka dubi wancan. Ko tabon da ke goshi ɗaya ne.

Mai unguwa ya shiga yi musu tambayoyi. Wa ya haifi Hakama? Wace akuya ce ta haihu da bazara? Wa ya ba da aikin turmin da ke tsakar gida? Mai riga yana amsawa tiryan-tiryan cikin natsuwa, ba gargada. Marar riga kuwa haushi ya shaƙe shi, sai in'ina yake yi yana rantse-rantse, har sunan surukinsa ya kakare masa.

Mai unguwa ya ce, "Magana ta fito. Ku kora kurar nan marar riga zuwa daji, in ta ƙi ku farfasa mata kai."

Sanduna suka tashi sama. Ƙyalesu yana ta fizgar igiya har wuyansa ya saluɓe. Hakama ta ce, "Ranka ya daɗe, a dakata. Akwai mai shaida a gidan nan da ba a tambaya ba." Ta nufi turke.

Mai riga ya ce, "Kada ki kwance ƙazamin karen nan. Na hana."

Ta ce, "In kai ne maigidana, ka yi mini faɗa daga baya." Ta kwance shi.

Ƙyalesu ya fara zuwa wajen mai riga. Warin Tunau ya buge shi, gumi da ɗanyen itace da hayaƙin gida, har wutsiyarsa ta so motsawa. Ya danne ta, ya kai hanci ƙwauri. Babu kome. Ya juya wajen marar riga, wanda ba ya warin kome sai ƙura da jini. Ya sunkuya. A ƙarƙashin toka, can ƙasa-ƙasa, ga alamarsa tana nan daram. Ya zauna a kan ƙafar mutumin, ya ce, "Wannan ne Tunau."

Mai riga ya yi murmushi. Ya ce, "Jama'a, a gabanku na doke shi da safe. Ramuwa yake yi."

Mutane suka soma gyaɗa kai, don kowa ya ga dukan. Ƙyalesu ya ga magana ba za ta fid da su ba. Ya tuna tsofaffi na cewa ba asirin da ke jure najasa. Ya taka a hankali kamar mai zuwa neman gafara, kunnuwa a kwance, har ya isa jikin mai riga. Ya ɗaga ƙafa sama iyakar ƙarfinsa, ya sakar masa duk abin da ya rage.

Inda fitsarin ya taɓa, fata ta yi tururi, gashi mai dabbare-dabbare ya tsiro. Gemu ya zube, baki ya yi tsawo, wutsiya ta faso ta ƙasan riga. Kura ta yi kururuwa ta tsallake danga, sanduna na sauka a gadon bayanta, Ƙyalesu na cizon dugaduganta, har ya raka ta ƙetaren rafi. Ya dawo da rigar Tunau a baki, mata na rangaɗa guɗa, yara na tsalle suna kiran sunansa.

Tunau ya durƙusa a gaban jama'a, ya shafa haƙarƙarin da ya doka. Ya ce, "Na zalunce ka. Faɗi abin da kake so."

Ƙyalesu ya ce, "A bar ni in riƙa sa wa kowa na gidan nan alama kowace safiya, kada a sake musanya mini ku."

Mutane suka fashe da dariya. Hakama ce ta warware. Ta ce, "Ka cece mu, ba mai musu. Amma mutum da tufafinsa yake ibada, da su yake shiga jama'a. Zo in nuna maka." Ta zagaya da shi bayan gida, ta nuna masa dirkokin danga, da gindin tsamiya, da dutsen da ke bakin hanya. Ta ce, "Nan za ka riƙa sawa. Duk abin da ke cikin da'irar nan naka ne, mu da awakin duka. Kura ta shinshina tun daga nesa ta san gidan da mai shi."

Ya ce, "Na yarda. Amma in na ga baƙuwar fuska, ko gabana ya faɗi a kan wani nawa, ban ce ba zan manta ba."

Ta ce, "In ka manta, ba mai dukanka. Za mu wanke, mu kai ka gindin dirka mu tuna maka."

Daga ranar, kowace safiya Hakama kan fita da shi su zagaya gidan, yana tafe ƙirji a gaba, yana ɗaga ƙafa a fili ba kunya. Sauran karnukan gari suka gani suka ɗauka.

Shi ya sa har wa yau kare namiji ba ya wuce dirka ko gindin bishiya bai bar alamarsa ba. In kuwa kun ga ya ɗaga wa mutum ƙafa, to ko dai yana cewa wannan nawa ne, ko kuma yana gwadawa ya ga ko wutsiya za ta fito. Mai kare da ya san wannan labari ba ya ɗaukar sanda. Ruwa yake kawowa, ya ba baƙonsa haƙuri, ya ja karensa zuwa bakin danga.