Taron Ranar Shuka

An ce wai a garin Kwarin Gawo an yi wani sarki mai suna Mamuda, mutum mai haƙuri, wanda in ya furta magana a gaban jama'a ba ya janye ta. A fadarsa akwai mazauni guda na Magajiya, wadda ita ce bakin mata a kan kowace magana ta gari. Da tsohuwar Magajiya ta rasu, mata suka haɗa baki suka zaɓi Tasalla, 'yar shekara ashirin da uku, don ita ce ke bin gidaje tana tara su in rijiya ta rufta ko ciwo ya shigo unguwa. Saura sarki ya naɗa ta.

Wambai Ɗantsoho, babba cikin fadawa, abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mata ba ruwansu da sha'anin gari. A kira su taro sau uku. In ba su zo ba, a ɗauke mazaunin nan kowa ya huta." Sarki ya amince a gaban kowa.

Wambai kuwa shi ke sa lokaci, sai ya sa taron da sakaliyar la'asar, daidai lokacin da tukunyar tuwo ke kan wuta a kowane gida. To jama'a, wace mace ce za ta bar tuwo ya ƙone, yara na kuka, ta tafi fada? Sau uku ana kira, sau uku Tasalla na zuwa daga ita sai tsofaffi biyu.

Rana ta uku ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta danne. Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ban zo in ce ka janye maganarka ba. Roƙona ɗaya ne. A ba ni kira uku kamar yadda aka ba Wambai, ni ma in sa lokaci, in kira maza. Sharaɗin kuma ya zama ɗaya: waɗanda ba su zo ba su bar mazauninsu."

Wambai ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Ke yarinya, mu da muke wuni a fada? A ba ta, ranka ya daɗe!" Sarki ya ce an ba ta.

Tasalla ta koma gida. Mako uku, mako huɗu, ba kira. Mata suka dame ta, "Tasalla, kin kashe mu! Me kike jira?" Ita kam sai ta ɗaga kai ta dubi gabas. Gaskiya tsoro take ji, don damina ta yi jinkiri a bana, kuma Wambai ya fara cewa wa'adinta ya wuce.

Ran nan da yamma hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwan shuka na farko. Gari na wayewa Tasalla ta tura mai shela, ya zaga yana cewa maza su hallara a fada da hantsi. Ina! Kowa ya riga ya saɓa sungumi, ya ɗauki ƙwaryar iri ya yi gona. Fada wayam, sai mata reras a zaune. Shi kansa sarki an riga an ɗaura wa dokinsa sirdi zai tafi gandu, dole ya dawo ya zauna yana ta leƙen waje. Kashegari ma haka.

Rana ta uku sai ga Wambai shi kaɗai, yana haki, ƙafa duk taɓo. Ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai zalunci ne! Wa zai bar shuka ƙasa na da laima? Ba ƙin fada muka yi ba, abincin gari muke nema."

Tasalla ta ce, "Gaskiya ka faɗa, baba. Mu ma shi muke dafawa."

Sai sarki ya ce, "Maganata ɗaya ce, ba zan raba ta biyu ba. In rashin zuwa ƙin gari ne, to yau Magajiya da fadawa duk ku tashi, in zauna ni kaɗai. In kuwa uzuri ne, to uzurin mai tukunya da na mai sungumi ɗaya ne. Wambai, kai ka kawo sharaɗin, kai za ka zaɓa."

Wambai ya share gumi, ya ce da ƙyar, "Uzuri ne, ranka ya daɗe."

Nan take aka naɗa Tasalla Magajiya. Sarki ya yi doka cewa ba a ƙara sa lokacin taro sai an tambaye ta. A taron farko da aka yi bayan haka, mata suka cika fada har wasu suka zauna a ƙofa.

Shi ya sa, kafin shugaba ya ce mutane ba su damu ba, ya fara duba lokacin da ya kira su, da abin da ke hannunsu a lokacin.