Rijiyar da Mai Ita Ya Rantse Ba Tasa Ba Ce

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Gazawa, can bakin gulbi inda goriba ta yi yawa. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma 'ya'yansa ba su yi mana laifin komai ba. Ku daina waige-waige, ba ya cikin masallacin nan.

Mutumin nan yana da garka da ya gada wurin mahaifinsa. Akwai albasa, akwai tumatir da zogale, ga mangwaro shida. A cikinta akwai rijiya wadda tsohon ya gina da hannunsa, ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Garkar nan ita ce cinsa, ita ce suturar iyalinsa. Gabas da ita akwai layin gamba, shi ne iyaka tsakaninsa da gonar Ayuba, ɗan ƙanen ubansa.

Yana salla, yana azumi, ba ya shan komai. Ciwonsa guda ne: zato. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce me kake nema. In ka wuce ba ka gan shi ba, ya ce ka ƙulla wani abu. Duk mai rai a garin, a ganinsa, garkar nan yake hari.

Rijiyar ba ta da baki, itace ne aka gicciya a kai, gara kuma ta gama da shi. Matarsa Lantana ta yi masa magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Malam, a kira magini ya ɗaga bakin rijiyar nan. Hanyar mutane ce fa."

"Wa ya aiko ki?" in ji shi. "So kike in kawo baƙo ya ga yawan ruwan, ya je ya baza a gari?"

Damina ta sauka, ciyawa ta rufe wurin ruf.

Wata safiya wani bawan Allah mai suna Tijjani, mai yankan kaba yana sayar wa masu saƙar tabarma, ya biyo ta nan da dami a ka. Damin ya tare masa gani. Ya taka itacen, itacen ya karye, ya zurma. Ayuba yana noma a gonarsa ya ji ihu. Shi ya jefa igiya, ya ɗaura wa san nomansa aka jawo shi, ya ɗora shi a amalanke har likita. Cinya ta karye, ƙugu ya goce.

Ya 'yan uwa, kun san yadda muke yi a ƙasar nan. Tsautsayi ya faɗa ta hannunka, sai ka ɗauki ƙafa ka je ka ce sannu. Ka zauna, ka nuna abin ya dame ka. Sau nawa muka ga an ce an yafe, an tashi ana addu'a?

Lantana ta dama fura, ta rufe da faifai, ta ce su je. Ya sha mur.

"In na taka gidan nan, na amsa laifi ke nan. Shi suke jira. Ke ba ki yi tunani ba? Duk faɗin dajin nan, ba inda zai faɗa sai rijiyata? Kuma ba wanda ke kusa sai Ayuba, da igiya a hannu? Wannan shiri ne!"

Kai jama'a! Wane ne zai karya cinyarsa don ya ci albasar wani? Amma shi ya yarda da haka har cikin ransa. Ya hana Lantana zuwa. Furar nan a gida ta yi tsami.

Kwana arba'in Tijjani na kwance, mai rijiya bai leƙa ba. Mai gari ya aika masa, ya ce ba shi da lafiya. Sarki ya kira zaman sulhu, ya yi kunnen uwar shegu, yana cewa duk bakinsu ɗaya. Tijjani yana da ƙane, Munir, ɗan kabu-kabu a Gazawa, mai zafin zuciya. Wulaƙancin ya fi raunin yi masa ciwo, ya je ya shigar da ƙara kotu. Ranar da jandarma ya kawo takardar sammaci, mutumin nan ya karɓa ya shiga gida. Abin da ya faɗa a tsakar gida shi ne, "Ba na gaya muku ba?"

Ya tafi Gazawa a ɓoye, ya sami wani mai rubuta wa mutane takardu a gindin bishiya, ya tambaye shi wai labarin wani abokinsa ne. Aka ce masa dokar ƙasa a fili take: wanda ya mallaki abu, shi ke ɗaukar ɓarnar da abin ya yi. In rijiyarka ce, jinyar taka ce.

Ya dawo yana juya maganar. To in ba rijiyata ba ce fa?

Ranar Juma'a, maza duk sun tafi babban gari salla, shi ya ɗauki hauya ya nufi garka. Ana huɗuba, shi yana tumɓuke gamba. Ya dasa ta yamma da rijiyar, ya bar ruwa da mangwaro da fangalin albasa a ɓangaren Ayuba. Ƙasa da laima, kafin mako biyu gambar ta kama kamar nan aka haife ta. A ransa yana cewa, in shari'a ta wuce sai in mai da ita inda take.

Aka zo gaban alƙali. Aka tambaye shi rijiyar wa ce. Ya ce ta Ayuba ce.

Ayuba ya miƙe baki buɗe. "Yaya, ka ji tsoron Allah. Baba ne ya gina ta ina riƙe mishi guga."

Alƙali ya ce to wa ke noma albasa a wurin shekara da shekaru? Ya ce aro ne Ayuba ya ba shi. Mangwaron fa? Ya ce su ma na Ayuba ne. Kowace tambaya sai ta ciro masa sabuwar ƙarya, kowace ƙarya kuma sai ta yanki wani gefe na garkar. Aka aika aka duba iyaka, aka tarar da gamba kore shar inda ya ce. Aka ce zai rantse? Ya yi alwala, ya ɗora hannu, ya rantse. Magatakarda ya rubuta, ya dangwala yatsa.

Ayuba ya dubi alƙali. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban san tawa ba ce. Amma ya rantse, kuma ga mutum kwance ba mai ɗaukar shi. Na ɗauka."

Ya sayar da san nan da ya jawo Tijjani, ya yi masa jinya.

Mutumin namu ya fito kotu yana murmushi. Ya ce wa Lantana ya fi su wayo. Ita ko kallonsa ba ta yi ba.

Da aka yi girbi, ya saɓi hauya ya tafi mai da gamba. Ya tarar ma'aikatan ƙasa sun riga shi. Sun zo da takardar hukunci, sun kafa turakun siminti a kan layin da shi ya dasa da hannunsa. Ya ruga kotu yana kumfar baki, wai an ƙwace masa gadon uba. Alƙali ya sa aka karanta masa maganarsa, aka nuna masa yatsansa.

"Ɗaya cikin biyu," in ji alƙali. "Ko wancan karon ka faɗi gaskiya, ba ka da garka. Ko ka yi rantsuwar ƙarya a gabana, in sa a wuce da kai gidan kaso. Wanne ne?"

Mutumin nan ya dubi ƙasa. Ya juya ya fita.

Abin da ya rage masa tudu ne, yashi zalla, ko gero da ƙyar. Rani ya shigo ba albasar kaiwa kasuwa. Ya sayar da awaki, ya sayar da ƙofar ƙarfen zaurensa. Manyan 'ya'yansa suka tsallaka Najeriya neman abin kai wa baki, don kunyar zama garin da ake nuna ubansu da baki. Ayuba kuwa bai ci ko mangwaro ɗaya ba. Ya ce abin da ya zo ta rantsuwar ƙarya ba zai shiga cikin 'ya'yansa ba. Ya danƙa wa Tijjani garkar ya ci da iyalinsa, tunda ƙafar ta warke a gajarce, yawon yankan kaba ya ƙare masa.

Wata rana da hantsi ƙishirwa ta kai mutumin nan bakin rijiyar. An ɗaga mata baki da siminti har ƙugu. Tijjani na zaune, sandarsa a gefe. Ya ja ruwa ya miƙa masa.

"Sha, Malam. Ruwan babanka ne."

Ya karɓa. Ya ce, "To, kun samu abin da kuke so."

Tijjani ya girgiza kai. "Wallahi tun a kan amalanke na ce na yafe, Ayuba shaida ne. Da aka maido ni gida na sa aka shimfiɗa maka tabarma kusa da ni. Kullum sai an kakkaɓe ta, ina cewa yau zai zo. Kwana arba'in tana nan. Ni sannu kawai nike jira."

Mutumin namu ya tsaya da gugan a hannu, ya kasa sha. Nan ya gane ba wanda ya taɓa yi masa shiri. Shi kaɗai ya ƙulla, shi kaɗai ya tumɓuke, shi kaɗai ya rantse.

Ya 'yan uwa, wa ya raba mutumin nan da gadonsa? Ba alƙali ba ne, ba Ayuba ba ne, ba gurgun da ya ba shi ruwa ba ne. Mugun zato ne ya hana shi gyara rijiya, ya hana shi gaida mara lafiya, ya kai hannunsa kan rantsuwa. Allah ya hane mu da yawan zato, mu kuwa mun mai da shi wayo.

Ina gaya muku, wanda duk ya san abinsa ya ji wa wani ciwo, babur ne, sa ne, katanga ce, kada ya fara neman mai rubuta takarda. Ya fara neman takalminsa ya je ya ce sannu. Wataƙila yanzu haka akwai gidan da aka shimfiɗa maka tabarma.

Ya Allah ka wanke zukatanmu daga zargin bayinka, ka tsare hannuwanmu daga rantsuwar ƙarya, kada ka bar mu da wayonmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.